"Ki jira ni a Yola": shaidata ta ranar Fentikos

A Mubi aka haife ni, a nan na yi wayo, a nan na yi aure. Mahaifina Kilba ne daga Hong, mahaifiyata kuma Margi ce daga wajen Lassa. Aiki ne ya haɗa su a Mubi, kuma tun da babu mai jin yaren wani, sai Hausa ta zama harshen gidanmu. Da ita aka rarrashe ni ina goye, da ita aka yi mini faɗa, da ita na koyi Addu'ar Ubangiji. In mun je ƙauye lokacin Kirsimeti, 'yan'uwa sukan kira ni 'yar bariki, wadda ba ta da yare. Kakata ta wajen uwa har ta rasu ban taɓa yin doguwar hira da ita ba. Takan riƙe fuskata da hannu biyu ta yi ta magana, ni kuwa sai murmushi. Abin ya daɗe yana ci mini rai, amma a cikin gari babu wanda ya damu, domin a coci da Hausa muke sujada, Littafi Mai Tsarki na mahaifina ma tsohuwar fassarar nan ce da aka fara bugawa a 1932.

Mu 'yan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, tun iyaye. A gidanmu Kirsimeti tana da ɗinki da shinkafa, Ista tana da waƙoƙin asuba, Fentikos kuwa Lahadi ce kamar kowace Lahadi. Da na girma na zama malamar firamare, aka ba ni ajin yara a makarantar Lahadi, sai na haddace labarin yadda ake haddace amsar jarrabawa. Yesu ya yi kwana 40 yana bayyana ga almajiransa bayan tashinsa, ya hau sama daga Dutsen Zaitun, mutum wajen 120 suka zauna suna jira, a rana ta 50 Ruhu Mai Tsarki ya sauko da ƙara irin ta iska mai ƙarfi, Bitrus ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma. Nakan sa yara su zana mutane da ɗan jan launi a bisa kawunansu, in ce musu yau ce ranar haihuwar ikkilisiya, su yi tafi, mu tashi. Iyakar abin da ranar take a gare ni ke nan, har na haifi 'ya'ya uku.

Shekarar 2014 ta zo mana da labarai marasa daɗi daga arewa da mu. A Afrilu 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikkilisiyarmu. A Agusta Gwoza ta faɗi. Farkon Satumba sai Gulak, sai Michika ran Lahadi 7 ga wata. Mubi ta cika da baƙi, kowane gida da nasa. Mu ma mun sauke wasu, muna shimfiɗa musu tabarma muna yi musu sannu, ba mu san gobenmu muke kallo ba.

Ran Laraba 29 ga Oktoba ina dama wa yara koko muka fara jin harbi daga nesa. Kafin rana ta ɗaga labari ya iso cewa 'yan Boko Haram sun shiga Kwarhi, inda hedkwatar ikkilisiyarmu take, kuma sun nufo gari. Maigidana kafinta ne, da yawa daga bencunan cocinmu aikin hannunsa ne. Ya shigo da gudu da fensirin aiki maƙale a kunnensa, ya zaro duk kuɗin da ke aljihunsa ya cusa mini a hannu. Mahaifiyarsa tana wata unguwa, ƙafafunta sun daɗe da daina ɗaukarta. Ya ce, "Malama, kwashe yaran nan ki bi mutane. Zan ɗauko Mama. Ki jira ni a Yola." Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ya kai bakin ƙofa.

A bayan gari muka tarar da su sun tare hanya. Yara ne, wasunsu ba su kai ɗaliban da na taɓa koyarwa ba. Ɗaya yana ta maimaitawa, "Mata da yara ku wuce, ba ruwanmu da ku. Maza ku koma gefe." Hausarsa tsaf, irin ta unguwarmu. Ina wucewa da ƙaramin a baya, zanen goyon ya sassauta, sai wani daga cikinsu ya dube ni ya ce, "Mama, gyara goyon nan, kada yaron ya faɗi." Na gyara. Ba mu yi nisa ba muka ji abin da aka yi wa mazan da aka tsayar. Na san kuma duk mai fitowa daga gari da tsohuwa a baya ta irin wannan hanyar zai bi.

Tafiyar daji ba zan tsaya a kanta ba. Dawa tana tsaye a gonaki babu mai girbi, muka ci ɗanyar gyaɗar mutane, muka sha ruwan da muka samu, har wata babbar mota ta kwashe mu. A Jimeta muka sauka. Yola a lokacin ta cika ta batse. Babban cocin Katolika na St. Theresa ya buɗe ƙofarsa ga dubban mutane, masallatai da makarantu da gidajen talakawa ma haka. Mu muka samu wuri a harabar wata majami'a da ba ta ɗariƙarmu ba, a cikin ajin makarantarsu, iyalai da yawa a ɗaki ɗaya, kowa ya kewaye wurinsa da zane.

Daga nan jira ya fara. Kullum da safe ina bakin ƙofa ina duba fuskar duk wanda ya sauka daga mota. Wayarsa a kashe. Tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato Mubi, mutane suka fara leƙawa. Ƙanena ya je ya dubo mana. Ya tarar an ƙone cocinmu, bencuna sun zama toka. Ya kuma tarar da surukata da ranta. Wani maƙwabcinta Musulmi ne ya ɗauke ta ya sa a ɗakin matarsa, duk wanda ya tambaya ya ce innarsa ce. Allah ya saka wa mutumin nan, har gobe muna gaisawa. Amma da aka tambaye ta ɗanta, sai ta ce bai taɓa isowa gidan ba. Tsakanin ƙofarmu da tata ya ɓace. Babu gawa, babu kabari, babu wanda ya ce ya gan shi.

Mutanen Mubi suka yi ta komawa, ni na ƙi. Ya ce in jira shi a Yola. In na tashi ya zo bai same ni ba fa? Haka na zauna cikin mutanen Michika da Madagali da Gwoza, waɗanda garuruwansu ba su shigu ba tukuna.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba a lokacin shi ne bakina ya kulle. A Mubi ni ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata, in na ɗaga murya sai tulu da ganga da caki su biyo baya. A Jimeta ko amin ba na iya cewa. Ba wai na daina gaskata akwai Allah ba. Da zarar na buɗe baki zan ce "Ya Ubangiji", sai in ji muryar yaron nan yana cewa in gyara goyo. Kalmomin iri ɗaya ne, lafazin iri ɗaya. Da dare nakan ji matan Kamwe suna kuka da Kamwe, matan Margi da Margi, tsofaffin Gwoza da Glavda da Mafa. Kowa yana da ɗakin da zai shige ya rufe ƙofa ya yi magana da Allah da harshen da ba a yi masa barazana da shi ba. Ni Hausa kaɗai gare ni, kuma da ita aka ware maza gefe. Na zama kamar tulun kiɗa da ya tsage, in ka gan shi a ajiye lafiya lau, in ka buga babu amo. Ina yi wa yara magana, ina cinikin gishiri, amma addu'a da waƙa sun ƙi fita.

Masu cin kasuwa da hawayen mutane ba su bar mu ba. Wata maƙwabciya ta ja ni wurin wani mai annabci da ake cewa yana ganin inda ɓatattu suke. Ya dube ni ya ce maigidana yana raye a bayan wani dutse, amma sai na shuka iri na kuɗi kafin Ruhu ya faɗi sunan dutsen. Ya ƙara da cewa rashin yin magana da baƙin harsuna ne ya toshe mini hanya. Na tashi na fita. Ko a cikin duhun da nake, na tuna da Siman mai sihiri na Samariya, wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon nan, da irin amsar da Bitrus ya ba shi. Ina faɗin wannan ne saboda na san mata da yawa da suka sayar da ɗan abin da suka tsira da shi a irin waɗannan wurare. Ruhun Allah ba na sayarwa ba ne, kuma duk wanda ya sa wa gwauruwa farashi a kansa zai amsa tambaya.

Ista ta 2015 ta zo ran 5 ga Afrilu ta wuce ni. Ana ta cewa kabari ba kowa, ni kuwa ko kabarin ban samu ba.

Faston majami'ar dattijo ne, mai magana a hankali. A al'adarsu ana kiyaye ranar hawan Yesu sama, wadda ta faɗo ran Alhamis 14 ga Mayu a shekarar. Ya sanar cewa daga ranar har Fentikos za a riƙa taruwa kowace yamma, kamar yadda almajirai suka yi. Ni zafi ne ya kore ni daga ɗaki, na je na zauna a baya. Ya karanta sura ta farko ta Ayyukan Manzanni, inda Yesu ya umarce su kada su bar Urushalima, su jira alkawarin Uba. Wannan kalmar ta jira ita ta sa na ɗaga kai.

Labarin da na koyar shekara da shekaru sai ga shi da wata fuska. Mutanen nan Galilawa ne, Urushalima ba garinsu ba ce. Baƙi ne a ɗakin bene na aro, a cikin garin da aka kashe Ubangijinsu makonni kaɗan da suka wuce. Wanda ya bashe shi daga cikinsu ya fito, da shi suke cin abinci, har sai da suka zaɓi Matiyas ya cike gurbinsa. Ba a gaya musu ranar da jiran zai ƙare ba. Mu ne muka san kwana 10 ne, su ba su sani ba. A cikinsu kuma akwai mata, akwai Maryamu uwar Yesu. Baba Fasto ya ce nan ne wuri na ƙarshe da Littafi ya ambaci sunanta: tana zaune cikin jama'a tana addu'a, ita da ta tsaya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. Na daɗe ina juya wannan a raina. Ba na so in haɗa abin da ba ya haɗuwa. Su sun ga nasu da rai, sun ci abinci da shi, ni ban ga nawa ba. Alkawarin maigidana na ɗan'adam ne, ya yi shi da zuciya ɗaya amma cikawar ba a hannunsa take ba. Duk da haka, a karo na farko na ga cewa ikkilisiya ba a cikin gini mai bencuna ta fara ba. A cikin mutane irinmu ta fara, masu tsoro, masu kwana a ɗakin wani. Na ci gaba da zuwa kowace yamma, ban ce uffan ba.

Ran Lahadi 24 ga Mayu aka yi Fentikos. An yi ruwa da dare, gari ya yi sanyi. An shimfiɗa jan ƙyalle a kan bagade, abin da ban saba gani a cocinmu ba. Baba Fasto ya fara da bayanin abin da ya tara mutane a Urushalima ran nan. Idin Makonni ne na Yahudawa, mako bakwai bayan Idin Ƙetarewa, lokacin girbin alkama, ranar da ake kawo wa Allah gurasa biyu daga sabon hatsi. Da ya ambaci girbi sai na ji mutane suna ajiyar zuciya, domin mun bar amfanin bara a gona, ga damina ta sake faɗuwa babu mai fartanya a hannu.

Sai ya karanta sunayen ƙasashen da mahajjatan suka fito, ya karanta a hankali: Fartiya, Midiya, Elam, Mesofotamiya, Kafadokiya, Fontus, Asiya, Masar, Libiya wajen Kirene, Roma, Karita, har da ƙasar Larabawa. Ya ajiye Littafin ya ce mu lura. Masar ita ce ƙasar da kakanninsu suka yi bauta. Mesofotamiya can aka kai su zaman talala. Roma kuwa sojojinta ne suka buga ƙusoshin. Yahudawan da aka haifa a waɗannan ƙasashe da harsunan wuraren suka tashi, kuma Ruhu Mai Tsarki bai ce su je su wanke bakinsu su koyo harshen Haikali tukuna ba. Da harshen da aka haifi kowa a ciki aka faɗa masa manyan ayyukan Allah. Ya ce babu harshen da mugunta ta taɓa saya ya zama nata. Ya kuma tuna mana cewa Bitrus, wanda ya yi mūsun Ubangijinsa a gaban wata baranya, shi ne ya miƙe da ƙarfe 9 na safe ya gaya wa mutanen garin cewa su ne suka gicciye shi. Maganar ta soke su, suka ce, 'yan'uwa, me za mu yi? Bai ce musu sun makara ba. Ya ce su tuba, alkawarin nasu ne da 'ya'yansu da dukan waɗanda suke nesa. Daga cikin wannan taron aka samu mutum 3,000 na farko.

Wannan ɓangaren bai yi mini daɗi ba, kuma har yau ba ya zama mini da sauƙi. Na fahimci inda maganar ta nufa. In alkawarin ya kai ga masu nesa, to ya kai har bakin hanyar nan ta bayan Mubi.

Da ya gama sai ya ce mu tashi mu yi Addu'ar Ubangiji, kowa da yarensa, da ƙarfi. Majami'a ta ɗauka gaba ɗaya. Kamwe, Margi, Bura, Kilba, Fali, Gude, Bachama, Fulatanci, Turanci, duka a lokaci guda. Ni ina tsaye bakina a rufe. Kusa da ni akwai wata tsohuwa daga Michika wadda aka kashe mata 'ya'ya maza, Hausarta ba ta da yawa. Ta tsaya da tata addu'ar, ta kamo hannuna ta girgiza.

"'Yata, ke fa? Yi da naki."

Na ce, "Mama, ni ba ni da yare."

Ta dube ni kamar na faɗi abin da ba shi da ma'ana. Ta ce, "Wanda uwarki ta yi miki."

Ba ta saki hannun ba. Tafinta kaushi gare shi, yatsunta sun lanƙwashe saboda noma. Sai na ji kaina ina cewa, "Ubanmu wanda ke cikin sama." Murya ta fito a shaƙe. Kuma a wannan karon ba yaron nan na ji ba, mahaifiyata na ji, tana durƙushe a bakin gadonmu tana faɗa muna maimaitawa, da Hausarta mai karin Margi. Ita ta riga shi. Shekara talatin da wani abu kafin ya tare hanya, an riga an kira mini sunan Allah da wannan harshen.

Na kai wurin abincin yini. Da na iso inda ake cewa ka gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai na tsaya cak. Ban faɗa ba ran nan. Kuka ne ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun daga Mubi, tsohuwar nan tana riƙe da ni har aka zauna. Daga baya na sami hutawa a abin da Bulus ya rubuta wa Romawa a sura 8, cewa ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki. Ashe duk watannin da na yi shiru ba a bar ni ni kaɗai ba. Ban ji iska ba, ban ga wuta ba, ban yi magana da harshen da ban sani ba. Ina girmama 'yan'uwan da aka ba su wannan baiwar. Ni abin da aka ba ni shi ne harshen da na sani, aka mayar mini da shi.

Abin da ya biyo baya shi ya tabbatar mini ba motsin zuciya na safiya ɗaya ba ne. A harabar nan an daɗe ana gunaguni a kan rabon abinci. In an kawo masara da wake da man gyaɗa, sai wani ɓangare ya ce masu rabo suna fifita 'yan yarensu. Har an kai ga zage-zage a gaban yara. A makon da ya biyo bayan Fentikos Baba Fasto ya tara mu ya karanta sura 6 ta Ayyukan Manzanni, inda Yahudawa masu jin Helenanci suka yi ƙorafin ana manta gwaurayensu a rabon kowace rana. Na yi mamaki da na ga cewa ikkilisiyar da ta sayar da kayanta ta raba a sura 2 ita ce take faɗa a kan tuwo a sura 6. Manzanni ba su ce wa masu ƙorafi su yi shiru ba. Sun sa a zaɓi mutum bakwai cike da Ruhu da hikima, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Aka ce mu ma mu zaɓa. Da aka zo kan wanda zai riƙe littafin suna, sai wata mata ta ce a ba Malama, ita ba ta da ɓangare. Kowa ya yarda. Abin da aka yi mini gori da shi tun ina yarinya shi ya sa aka amince da ni.

Na sake rubuta sunayen daga farko. Muka daina rabo bisa ga ɗaki, muka koma bisa ga yawan bakuna, mudu a gaban idon kowa, ana kiran suna da ƙarfi. A nan na gano cewa akwai mata irina da yawa da suka faɗa tsakani. Akwai layin magidanta, akwai layin gwauraye, amma wadda mijinta ya ɓace ba ta cikin ko ɗaya, kuma kunya da tsoron kiran mutuwa ba sa barin ta ta shiga layin gwauraye. Na buɗe musu shafi nasu. Da yamma nakan bi su ɗaya bayan ɗaya in rubuta, kowace kuma sai ta ba ni labarin inda ta rabu da nata. Hausa ce ta haɗa ni da su duka.

Barin Yola shi ne hukunci mafi wuya da na taɓa yankewa. Surukata tana Mubi tana nemana, yara sun yi asarar karatu, aikina yana jira. Amma tashi ya zama mini kamar na ce ya mutu. Na kai wa Baba Fasto maganar. Ya ce, "'Yata, almajiran ma ba a ce su zauna a bene har abada ba. Kin jira iyakar jira. Ki bar mana sunanki da inda kike, duk wanda ya zo nemanki ni da kaina zan kawo shi." Na rubuta a takarda na ba shi, na kuma bar wa mai gadin ƙofa. Muka koma kafin a buɗe makarantu.

Mun tarar da bangon coci baƙi ƙirin, babu rufi. A ƙarƙashin rumfar kwano muka riƙa sujada, kowa da bulon da zai zauna a kai. Wani dattijo ya tuna mana cewa sujadar farko ta ikkilisiyarmu a Garkida, ran 17 ga Maris 1923, a gindin tsamiya aka yi ta. Da aka yi bikin cika shekara 100 a 2023, na tuna da rumfar nan fiye da kowane sabon gini. 'Yan'uwanmu da suka watse zuwa Jos da Abuja da Nasarawa da Kamaru kuwa, da yawansu sun kafa wuraren sujada inda suka sauka, kamar yadda sura 8 ta Ayyukan Manzanni ta faɗa game da waɗanda tsanani ya warwatsa daga Urushalima.

Bayan wasu shekaru surukata ta kira ni ta ce tana so a yi wa ɗanta sujadar tunawa kafin ta bi shi. Na yi makonni ina kokawa da maganar. Na yarda saboda ita, da kuma yaran, waɗanda suke bukatar ranar da za su yi kukan mahaifinsu a fili. Aka yi babu akwati, sai hotonsa da kayan aikinsa a kan tebur. Ba ta daɗe ba ita ma ta rasu. Har yanzu in baƙuwar lamba ta kira ni gabana yakan faɗi, kuma na daina jin kunyar hakan.

Layin gafarar nan ya ɗauke ni shekaru. Yanzu ina faɗarsa, amma ban taɓa faɗarsa da sauri ba. Gafarar ba ta hana ni son a yi shari'a ba, ba ta kuma goge abin da na ji a bayan gari ba. Abin da ta yi shi ne ta ba ni ikon tsayawa a gaban aji mai 'ya'yan Kirista da na Musulmi, har da waɗanda ake raɗe-raɗin iyayensu sun bi mutanen daji, in koya musu karatu da murya ɗaya. Wannan ba ƙarfina ba ne, na san iyakar ƙarfina.

Kowace shekara, daga ranar hawan Yesu sama zuwa Fentikos, mu matan da ba mu san inda mazanmu suke ba mukan taru a tsakar gidana da yamma. Mukan karanta surori biyun farko na Ayyukan Manzanni, mu yi addu'a kowace da yarenta, mu zuba adashe don kuɗin makarantar yara. Wadda ba ta iya magana ba tukuna ba ma matsa mata. Akwai sababbi da suke zuwa daga wajen Madagali, domin har yanzu ana ɗauke mutane a gonaki, don haka ina roƙon mai karanta wannan ya sa su cikin addu'a.

Ƙaramin da na goyo ran nan yana sakandare, kuma hannunsa yana son katako. Babbar 'yata za ta yi aure bayan kaka. Ƙanen maigidana ne zai tsaya a matsayin uba, ni kuma Zumuntar Mata sun ce lallai ni zan ba da waƙar shigowar amarya. Mun riga mun fara koyo, kowace Alhamis da ƙarfe 4.